Shin Ko Kun San? Ilimin Auna Himmar Aiki, daga Kasuwar Shanun Potiskum zuwa Zauren Jami'a

Me ke sa wani ma'aikaci ya shekara talatin a bakin aikinsa bai gaji ba, wani kuma gwiwarsa ta yi sanyi tun a shekarar farko? Akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan tambaya. Fanninsu reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ke kwatanta al'umma da al'umma don a gane inda mutane suka yi tarayya da inda al'ada ta raba su. Sun daɗe suna rubutu a kanmu, mu kuwa ba mu cika karanta abin da suka rubuta ba, balle mu ba su amsa. Ga kaɗan daga abin da ya kamata kowa ya sani.

Tushen fannin

Shin ko kun san malamanmu sun riga jami'o'in zamani magana a kan himmar aiki? Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa ta 1377 cewa idan hukuma ta tsananta haraji, ko ta riƙa cin dukiyar talakawa, sai mutane su daina ganin amfanin wahala, noma da fatauci su ja baya, baitulmali ma ya rame. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib, inda ya kwaɗaitar da jama'a ga neman na kai ta hanyar halal.

Ko kun san a 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin halayyar ɗan Adam na farko a birnin Leipzig na Jamus? Bayan shekara 19, a 1898, W. H. R. Rivers da abokansa na Jami'ar Cambridge suka ɗauki kayan gwaji zuwa tsibiran Torres da ke arewacin Ostareliya, don su ga ko gani da jin mutanen can ɗaya ne da na Ingilawa.

Kun san kuwa Nijeriya na da hannu a kafuwar fannin? Jami'ar Nsukka ce ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan Adam na farko a ƙasar nan a 1964. A ƙarshen 1966 zuwa farkon 1967 masana daga ƙasashe da dama suka yi taro a Jami'ar Ibadan a kan yadda za a yi irin wannan bincike a ƙasashe masu tasowa. Mujallar fannin ta fara fitowa a 1970, ƙungiyarsa ta duniya kuma ta kafu a Hong Kong a 1972.

Ra'ayoyi uku da ake koya wa ɗalibanmu

Shin ko kun san dalar buƙatun nan da ake zana wa ɗalibai a allo ba Abraham Maslow ne ya zana ta ba? Shi dai ya jera buƙatun a maƙalarsa ta 1943: ci da sha, tsaro, ƙauna, mutunci, sai cikar burin kai. Wasu ne daga baya suka mayar da jerin dala don koyar da manajoji. Lura da inda ya sa ƙoli: mutum shi kaɗai da burinsa.

Ko kun san ra'ayin Frederick Herzberg na 1959, mai cewa albashi na hana ƙorafi ne kawai, amma yabo da ɗora wa mutum nauyi su ke kawo himma, daga bakin mutum kimanin 200 ya fito? Dukkansu injiniyoyi ne da akantoci a yankin Pittsburgh na Amurka, mutanen da albashinsu ba ya makara. Leburan da ke jiran kuɗin yini kafin a ɗora tukunya a gidansa ba ya cikin waɗanda aka tambaya.

Kun taɓa jin David McClelland na Jami'ar Harvard? Shi ya ce akwai wata ƙishirwar nasara a zuciya wadda za a iya aunawa: a nuna wa mutum hoto, a ce ya ƙirƙiri labari, sannan a ƙirga sau nawa ya ambaci gasa da ƙwarewa da zarce tsara. A littafinsa The Achieving Society na 1961 ya tattara littattafan karatun yara na ƙasashe da yawa, ya yi da'awar cewa ƙasar da labaran yaranta suka cika da neman nasara ta fi saurin bunƙasa. Wannan ma'auni shi ne aka kawo ƙasar Hausa.

Lokacin da aka auna mafarkin 'yan makaranta

Shin ko kun san an taɓa tattara mafarkan samarin Nijeriya don a auna himmarsu? Robert A. LeVine na Jami'ar Shikago ne ya yi haka a farkon shekarun 1960. Ya sa ɗaliban sakandare 342, duk maza, suka rubuta mafarkin da suka yi, da kuma insha'i a kan wane ne mutumin da ya ci nasara da yadda yaro zai zama shi. Hausawa 65 ne a cikinsu, sauran Yarabawa da Ibo. Sakamakon ya fito a 1966 a littafin Dreams and Deeds, wato mafarkai da ayyuka.

Ko kun san abin da ya ce ya gano? Alamun neman nasara sun fi yawa a mafarkan ɗaliban Ibo, Yarabawa na biye, Hausawa a ƙarshe. A insha'in kuwa ɗaliban Hausa ne suka fi kowa ambaton biyayya da ladabi a matsayin hanyar ɗaukaka.

Kun san kuwa bai ce abin a jini yake ba? Ya danganta shi da yadda ake samun matsayi a kowace al'umma kafin zuwan Turawa. Ya dogara da binciken M. G. Smith, mutumin Jamaika da ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, wanda ya nuna cewa a tsarin sarauta barantaka ce tsani: bara ya yi wa ubangidansa hidima da amana, ubangida ya saka masa da sarauta ko gona ko aure. Inda biyayya ke kai mutum gaba, in ji LeVine, ita iyaye za su cusa wa 'ya'yansu.

Shin ko kun lura da abin da ma'aunin ya tsallake? Na ɗaya, a tarbiyyarmu ba kowa ake faɗa wa mafarki ba, kuma an raine mu a kan yabon kai jahilci ne. Yaron da ya yi mafarkin ya zarce sa'o'insa ba lallai ya rubuta wa baƙo haka ba. Na biyu, a wancan zamani 'yan sakandare a Arewa kaɗan ne ƙwarai, 'ya'yan fatake da maƙera da majema galibi suna kasuwa da makarantar allo. Na uku, ma'aunin ya ɗauka nasara ita ce mutum ya fita zakka shi kaɗai. Mai himmar da burinsa ya aurar da ƙannensa ya kai mahaifiyarsa Makka, maki kaɗan zai samu.

Ko kun san LeVine bai tsaya nan ba? Ya sake dawowa ƙasar Hausa, shi da abokan aikinsa suka nazarci renon yara. A 1974 shi da Douglass Price-Williams suka fitar da bincike a kan yadda yaran Hausa ke fahimtar dangantakar zumunta, a 1977 kuma ayarinsa ya nuna jaririn Bahaushe kan shaƙu da masu reno da yawa, ba uwa kaɗai ba. Ya kuma koma Harvard ya koyar shekaru masu yawa.

Amsar da kasuwa ta bayar

Shin ko kun san a daidai shekarun da ake auna mafarkan, wani masani na zaune a Sabon Ibadan yana ganin akasin haka? Abner Cohen ya yi 1962 zuwa 1963 a cikin Hausawan can. Ya ga ana sayar da shanu kimanin 75,000 a shekara, galibi bashi, ba takarda ba sa hannu. Bafatake ya sauka a gidan maigida, dillalan maigida su nemo mahauta, in mahauci ya ci bashi maigida ne zai biya daga aljihunsa. Jarin maigida shi ne sunansa, kuma a kan tsare sunan nan yake kwana yake tashi.

Kun san kuwa har gobe irin wannan amana ce ke riƙe da karar Potiskum, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma? Makiyayi ya miƙa wa dillali sa, a yi ciniki, a yi sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, 'yan lodi su cika tirela, direba ya kama hanyar Kudu da dukiyar miliyoyin naira ta mutanen da ba su bi shi ba. Kowane ɗaya a wannan sarƙa yana da abin da ke zaburar da shi, kuma kowannensu ya isa a rubuta kundin digiri a kansa.

Ko kun san Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da fataucin goro ya fara kafin ya shiga cinikin gyaɗa, har ana yi masa kallon attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma a zamaninsa? Shi kuma Bafaranshe Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin ɗan kasuwa ya rataya ne a kan arzikin mutane: yawan yara da barori da wakilan da ke ci a ƙarƙashinsa.

Shin ko kun san Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koyar a Zariya da Oxford, ya ƙirga halaye goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe a wata lacca da aka buga a 1974? Gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk mai neman auna himmar ma'aikacin Arewa, in ya bar waɗannan a waje, ya bar rabin mutumin.

Kun san kuwa tun 1961 masanin tattalin arziki Peter Kilby ya duba masana'antun Nijeriya ya ƙaryata zancen da Turawan mulki ke yi cewa ma'aikacin Afirka rago ne? Ya nuna cewa inda aiki ya yi ƙaranci, galibi laifin tsari ne da rashin kyakkyawan shugabanci da kulawa.

Mudun wani gari

Shin ko kun san an gwada manoman Kpelle na Laberiya da lissafin makaranta suka gaza, amma da aka ajiye musu kwanon shinkafa aka ce su ƙiyasta gwangwani nawa ne a ciki, sai suka doke Amurkawa masu ilimin boko? John Gay da Michael Cole ne suka ruwaito haka a 1967. Ma'aunin hali kamar mudu yake, kowane gari da nasa, kuma mai awo a kasuwar hatsin Potiskum ya fi kowa sanin haka.

Ko kun san Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya nazarci takardun tambayoyi fiye da 116,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cika tsakanin 1967 da 1973? A cikin rabe-rabensa an haɗe Nijeriya da Gana da Saliyo wuri ɗaya da sunan Afirka ta Yamma, aka ba su maki 77 a yarda da tazara tsakanin babba da ƙarami, da maki 20 kacal a fifita kai a kan jama'a. Ƙasa uku, maki ɗaya. Alhali a Potiskum kaɗai akwai Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari.

Kun san kuwa a 2008 Jeffrey Arnett ya ƙirga mutanen da aka yi gwaji a kansu a manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 68 cikin 100 Amurkawa ne? Kashi 96 kuwa daga ƙasashen Yamma masu arziki suka fito, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba.

Shin ko kun san an daɗe ana koyar da cewa mutum kan rage ƙoƙari in aka sa shi aikin taro? Injiniyan Faransa Max Ringelmann ya ga haka a jan igiya, ya buga a 1913. Amma a 1989 Christopher Earley ya gwada manajojin Amurka da na Sin: Amurkawa suka sassauta a aikin taro, 'yan Sin ba su sassauta ba. Wanda ya taɓa ganin gayya, gangar noma na tashi, samari na rige-rigen kai kunya, ya san akwai inda taro ke ƙara wa mutum ƙaimi.

Kuɗi, yabo da sakin mara

Ko kun san ƙarin albashin Udoji na 1974, da dattawa ke tunawa da sayen rediyo da babur, ɓangare ɗaya ne kawai na rahoton? Kwamitin Jerome Udoji ya kuma ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Aka biya kuɗin har da ariyas, farashin kaya ya tashi, gyaran tsarin aikin kuwa bai samu irin wannan kulawa ba.

Shin ko kun san Imran Rasul da Daniel Rogger sun bi diddigin ayyukan gwamnatin tarayya fiye da 4,700 a ma'aikatu da hukumomi 63? A sakamakon da suka buga a 2018, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Inda aka sakar wa ma'aikata mara su yanke shawara, ayyuka sun fi kammaluwa. Inda aka tsananta sa ido da alkawarin lada da horo, kammaluwar ta ragu.

Kun san kuwa a Lusaka ta Zambiya an ba masu gyaran gashi da aski kayan kariya daga cutar ƙanjamau su sayar? Wasu aka ba su kamasho, wasu kuma ana liƙa musu tauraro a wani allo a shagonsu duk sanda suka sayar. Binciken da Nava Ashraf da abokan aikinta suka buga a 2014 ya nuna masu tauraro sun ninka masu kamasho. Yabon gwani ya zama dole.

Ko kun san a Lome ta Togo an raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku? Waɗanda aka koya wa zaburar da kai, bisa tsarin Bajamushe Michael Frese, wato fara abu ba tare da jiran umarni ba, hangen gaba da jure cikas, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a shekara biyu. Waɗanda aka koya wa darasin kasuwanci na yau da kullum kashi 11 suka samu. An buga wannan a 2017.

Hanyar zama masanin fannin

Shin ko kun san manyan fannin da dama ba da shi suka fara ba? Hofstede injiniya ne da ya yi shekaru a masana'antu kafin ya sami digirin digirgir a 1967. Harry Triandis, ɗan asalin Girka, shi ma injiniyanci ya fara karantawa a Kanada. Wanda ya taso a gareji ko a kara ya riga ya mallaki abin da littafi ba ya bayarwa.

Ko kun san maƙwabtanmu sun yi nisa? Bame Nsamenang na Kamaru ya yi digirin digirgir a Ibadan, littafinsa na 1992 a kan tasowar ɗan Adam a idon Afirka ya zaga duniya. Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya fitar da littafi a 1979 yana jan kunnen Musulmi masana halayya kada su kwafi ra'ayoyin Yamma ido rufe.

Kun san kuwa matakan a bayyane suke? Digirin farko na shekara huɗu, hidimar ƙasa, digiri na biyu, sai na digirgir. A jami'a ana farawa daga mataimakin malami, a hau lakcara mai daraja ta biyu da ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma kowane hawa sai da maƙalun bincike da wasu masana suka tantance. Jami'ar Jos ta daɗe da sashen ilimin halayyar ɗan Adam, tsangayoyin ilimi na Zariya da Kano da Maiduguri kuma suna koyar da reshensa na tarbiyya.

Shin ko kun san ƙofar na nan kusa? Duk ɗalibin NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum sai ya ɗauki darasin halayyar ɗalibi da koyo. Jihar Yobe, da aka ƙirƙira a 27 ga Agusta, 1991, tana da jami'ar jiha a Damaturu da ta tarayya a Gashuwa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati su yi digiri na biyu da na uku.

Ko kun san makamai biyu ne ba a shiga fannin sai da su? Ƙididdiga da harshe. Tun 1970 Richard Brislin ya shimfiɗa ƙa'idar da ake bi: mutum ɗaya ya fassara tambayoyin, wani da bai ga na asali ba ya mayar da su, sannan a gwama a ga inda ma'ana ta zube. Ɗan Potiskum mai jin Hausa da Bolanci ko Ngizim ko Karai-Karai ya riga baƙo da nisa.

Kun san kuwa an taɓa yin irin wannan haɗin gwiwa a garin, ya kuma yi albarka? Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970 yana nazarin harshen Ngizim. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, tare da masu jin harsunan, suka fitar da ƙamusoshin harsunan Yobe, aka buga su a Potiskum a 2004. Abin da aka yi wa harshe za a iya yi wa halayya.

Tambayoyin na nan jibge. Me ke riƙe yaron mota shekara da shekaru har ya zama direba, me ke sa wani ya gudu? Yaya adashi ke ƙarfafa matan da ke sana'a a cikin gida? Me zai tsayar da malamar asibiti ko malamin firamare a ƙauye: alawus, gidan kwana, ko girmamawar mutanen gari? Gwamnati da masu kamfani na yanke hukunci a kan waɗannan kullum, kuma in ba a ba su amsar da aka auno daga mutanenmu ba, da ta wasu za su yi aiki. Iyaye da malamai, in kun ga yaro mai son lissafi, mai yawan tambayar dalilin da ya sa mutane ke yin abin da suke yi, ku nuna masa wannan hanya.